Na'urar Iskar Baba

Baba,

Ina gaisuwa. Ya jiki? Ya Inna da sanyin Jerada? Ni ƙalau nake, sabon aikin asibiti na tafiya, barci ne dai sai a hankali.

Inna ta ce kullum kana aika wa Baffa Bu'azza na'urar iskarka, wai ka ce, "Shekara ashirin gora ɗaya muka sha a ramin kwal, iska zan hana shi?"

Wallahi na yi alfahari da kai. Amma awa goma sha biyar a kan na'urar likita ya rubuta maka kullum, na lissafa tara kake samu. Huhunka ba zai jure ba.

Ban ce ka daina ba. Ka kai shi a auna shi, a rubuta masa tasa. In ya ƙi, ka ce ni na roƙa.

Allah ya ƙara sauƙi.

'Yarka,
Nawal