Sunan da Na Kira a Ƙofar Ran

Kulu,

Sallama da gaisuwa, Allah Ya kai haske kabarinki. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma ni zan karanta miki, kina yi wa bokona na yaƙi da jahilci dariya. Amma na kasa zama wuri ɗaya. Tun hantsi nake buɗe keken ɗinki ina rufewa, har na ɗinka wa wani hannun riga a baibai.

An sami mulkin kai. 'Yan makaranta sun yi maci, an raba musu tuta. 'Yarmu ba ta cikinsu. Hedimasta ya ce ta zauna a gida, wai iyaye na tsoron kumfar bakinta, kada 'ya'yansu su ɗauka. Kin san halina. Na gaya masa maganar da ba ta rubutuwa.

Farfaɗiyar ba ta sake ta ba. Ba ma faɗuwar ce ke hana ni sukuni ba, abin da take tafiya da shi ne. Kin tuna yarinyar da ke ƙirga mini maɓallai tun ba ta yi famfara ba? Yanzu tana cikin ƙirga sai ta tsaya, ta zuba mini ido. Surar da ta haddace bara, bana sai an ja ta. Likita ya ce ba iska ba ce, kuma ba a ɗauka. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ta yaro kuwa girma take yi, in faɗuwa ta yi yawa sai karatu ya ja baya. Ya ba mu farar ƙwaya. Ta rage faɗuwar, amma tana sa ta gyangyaɗi da rana tsaka. In ba ta, kanta ya yi nauyi. In hana ta, ta faɗi. Ke da wanne za ki zaɓa? Goggona na nan a kan hayaƙinta na korar iska. Na bar ta, ƙwayar ma ban fasa ba.

Shekaranjiya ta faɗi a Ƙofar Ran, dab da kaskon mai ƙosai. Da na iso an yi mata zobe, manya da gemunsu, ba wanda ya miƙa hannu. Tir! Na kwantar da ita a gefenta kamar yadda kike yi. Jijjigar ta tsaya, idon ya buɗe, amma ba ta cikinsa.

A nan ne kike durƙusawa ki yi ta kiran sunanta a kunne har ta dawo. Mata suna cewa ba ki da kunya, ina aka taɓa jin uwa ta kama sunan 'yar fari? Ni kuwa da aka haifa a ruga, ko sau ɗaya bai taɓa fita daga bakina ba. Abin da ban gaya miki ba shi ne, duk sanda na ji kina kiran nan, sha'awarki nake yi, wallahi.

Na ce mata ke. Na sake cewa ke, yarinya. Shiru. Tsoro ya kama ni, Kulu, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka fita da ke. Sai na sunkuya na kira ta. Na yi ta kira, dattawan dakali na ji, ban damu ba.

Ta juyo. Kin san abin da ta fara yi? Bayana ta leƙa. Ke take nema, don a duniya ke kaɗai ta san kina kiranta haka. Da ba ta gan ki ba, ta daɗe tana dubana, sannan ta damƙe wuyan rigata.

To, in wata rana na kira ba ta juyo ba fa? Akwai wani abin da kike raɗa mata bayan sunan? Don me ban matso na saurara ba? Yanzu safe da yamma nake kiranta, ko ba dalili, don muryar ta zauna mata inda ciwon ba zai kai ba. Goggo ta ce na lalace. Na yarda.

Sai mun iso. Allah Ya jiƙanki.

Naki,
Baban Habiba