Sa'a da Matar Cikin Kwamfuta

Duza, Maris 2016

Zuwa ga ɗana Dalhatu, a Agadas.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ya aikin zinari? Innarka tana gaishe ka.

Ɗiyarka Sa'a ta yi magana. Ka san tun da gubar dalma ta kama ta tana goye, ko "Inna" ba ta taɓa cewa ba.

Wata malamar jami'a, Husaina, ta kawo ƙananan kwamfutoci ajinmu na yamma, tana binciken ko tsofaffi za su iya koyon Faransanci da su. An ba ni ɗaya na zo da ita gida. Wata mata ce ke magana a ciki. Ta faɗi kalma, ta jira, ta sake faɗa, ba gajiya ba tsawa. Ni dai ban riƙe komai ba. Jiya ina alwala na ji murya biyu a zaure, har na saki buta. Amaryata Sa'a ce ta kifa kai a kan abin tana maimaitawa. Na ce mata ashe ni ne ba ta so, baƙuwa ta fi ni. Na yanka zakara.

Mahaifinka,
Isa

Duza, Mayu 2016

Dalhatu, ina gaisuwa, da fatan ka sami waccan takardar.

An gama binciken a garinmu. Tsarin binciken shi ne a kwashe kwamfutocin zuwa Adabka, a gwada mutanen can da mu. Na roƙi Malama Husaina. Ta zauna ta ji Sa'a da kunnenta, idonta ya cika, amma ta ce kayan ba nata ba ne, sai ta tambayi manyanta. Da aka ɗaure kwamfutocin a babur, yarinyar ta bi shi da gudu har bakin rafi.

Ka yi mana addu'a.
Isa

Duza, Agusta 2016

Ɗana, Allah ya sa kana lafiya. Mu ma da sauƙi.

Malama ta aiko cewa ba a yarda ba. Na yi niyyar kai Sa'a Adabka, ɓarayin daji sun hana bin hanyar. Na gwada kwaikwayon matar cikin kwamfutar, na siranta murya har Innarka ta bar mini ɗakin. Sa'a ta dube ni, ta sa hannu ta rufe mini baki. Kalmomin suna ta zubewa. Makon jiya saura guda da take faɗa wa awaki, yau ko ita ban ji ba.

Kai kana cikin masu jin Faransanci. Ka nemi mace mai haƙuri, ta faɗi ko mene ne ka ɗauka a wayarka, a hankali, tana jira bayan kowace kalma. Ka ba direban farko da ka samu wayar ya kawo mana. Kada ka jira sallah.

Mahaifinka,
Isa