Jawabin Godiya a Bakin Ramin Ma'adinai

Malam mai shawara, a taimake ni. Ina sanar da duniya cikin alhini cewa agwagwata ta yi murabus daga wanka. Ta leƙa kududdufin bayan gidanmu, ta juyo abinta. Ban ga laifinta ba. Ramin ma'adinai ne da Turawan mulkin mallaka suka sa kakanninmu haƙawa, suka kwashe na ciki, suka bar mana ramin gado. Kumfa rawaya a bakinsa, wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Rijiyarmu ma ta ɗauka, ƙafafun jikata duk ƙuraje.

Yanzu kamfanin da ya gaji na Turawan zai zo ya raba mana itatuwan dashe da kwandunan shara, ya koya mana kula da muhalli. Mu! Ni aka zaɓa in karanta jawabin godiya, don na koyar da tarihi. Abin da ya fi tayar min da zuciya, uwargida da matan layinmu sun fara kwashe matattun kifi, za su shafe duwatsun bakin ramin da farar ƙasa, wai kada baƙi su ga ƙazantarmu. Tamu! Na so in ƙi karanta jawabin, amma an yi wa ɗana alkawarin aikin direba a kamfanin, ya daɗe a zaune. Yanzu ni da yaron ko ido ba ma haɗawa. Yaya zan yi?

Tsohon malamin tarihi

Malam, takaicinka a kan hanya yake. Amma uwargida ba cin amana ta yi ba. Kunyar baƙo ce, wadda da ni da kai muke yabo kullum. Lallashe ta su dakata da sharar, domin shaida suke sharewa.

Yau ɗin nan ka kai jikarka asibiti, a daina shan ruwan rijiyar, a kai shi gwaji. Ka zauna da ɗanka ka gaya masa niyyarka, kada ya ji a bainar jama'a. Aikin zai iya kuɓucewa, ba zan ɓoye maka ba.

Karɓi jawabin. Idan ka ƙi, wani zai karanta mai zaƙi. Gode musu kan itatuwan a layi guda, ba zagi. Sannan ka karanta sakamakon gwajin, ka nemi rijiyar burtsatse da ranar cike ramin, ka gayyace su su matso su shaƙa.

Allah ya ba jikarka lafiya, ya buɗa wa yaron.