Tsagar da ke Kabarin Nura

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya zaman Fatakwal? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau.

Lauyan da ka turo kan rasuwar ɗana Nura ya zo. Ya ce za a iya ƙarar mai kemis ɗin da ya yi masa allurar da ta zama ajalinsa, amma tunda mun binne shi ba takardar likita, sai an tono shi. Ya miƙo min biro in sa hannu a tono shi. Ni da tsoron biro ya kore ni daga aji huɗu, na ce ya dawo Laraba.

Yaya, tun ranar da lauyan ya zo kabarin yake tsagewa ta wajen kai. Kullum da hantsi in cike, washegari in tarar ya buɗe. Liman ya ce damina ce. To, shi kaɗai ake wa ruwan? Yaron da sai na yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, yau shi ke neman fitowa?

Gobe ba zan cike ba. In ya rufe da kansa, na yafe. In ya ƙara buɗewa, zan sa hannu.

Uwarsa ba ta sani ba. A sa mu a addu'a, ka gai da Hajiya da yara.

Ƙaninka,
Ilu