Abin da Na Ji a Shirun Sela

Ya hasken idona, inuwata a tsakar rana, ke da muryarki ke riƙe da mawaƙan majami'armu kamar yadda ginshiƙi ke riƙe da ɗaki!

Kin san yadda muke yi: da mai karanta Zabura ya kai kan kalmar nan Sela, sai in ɗora tafina a kan fatar ganga, kowa ya yi tsit. Ba wanda ya san ainihin ma'anarta. Fasto ya ce wataƙila a dakata a yi tunani ne. Kakarki ta dage a ɗaga murya ake nufi. Ke kuwa kika tsaya a bakin ƙofa ran nan kina mana dariya, kika ce duk mun ɓata hanya, nufinta a yi shiru a jira Ubangiji. Har da ni a dariyar, kaicona!

Ran Lahadi, a cikin shirun nan, na ji ƙirjinki. Wani siririn fito, kamar iska na bi ta tsagar taga. Na ga kin dunƙule hankici kin cusa a jaka, na kuma ga jinin da ke jikinsa. Tun yaushe, masoyiyata? Tun yaushe kike yanke waƙa kafin ƙarshen baiti kina ce mini salo ne? Zoben da na sa miki ya fara yawo a yatsanki har kin naɗa masa zare, kina zaton ba na gani?

Na san za ki ce jiran Ubangiji kike yi. Kalmar da fasto kansa ke cewa wataƙila a kanta, ita za ki jingina wa ranki? Tsoro nake ji, Allah ya sani! Ina tsoron ranar da zan ɗaga tafina, kowa ya ɗauki waƙa, ban da ke.

Shi ya sa na je gidanku na faɗa wa Mama. Na same ta tana wanke-wanke, ta tsaya da kwano a hannu, famfo na ta zuba ba ta sani ba. Gobe da safe ni da yayanki za mu kai ki asibiti. Ki zage ni, ki hana ni taka ƙofar gidanku, ki shekara ba ki amsa gaisuwata ba. Duk na yarda, in dai kina numfashi kike wannan fushin.

Naki ne ni, ko kin yafe ko ba ki yafe ba, har ƙasa ta rufe idona,
Mai ganga