Layin Baba a Hannun Wata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan nan? Mama na gaishe ka, ta ce ka rage zama a kujera.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba, labarin ya fi ƙarfin waya. Wayata ce ta bi injin wanki a aljihun rigar aiki, ta fito fes amma babu rai. Na sayi wata, an dawo min da layina, sai dai imel ɗina ya ƙi buɗuwa. Kalmar sirrin daidai take, amma yana neman lambar nan mai canzawa da manhajar tsohuwar wayar ke fitarwa. Takardun karatuna suna ciki, da duk hotunan Baba da na ɗauka a shagonsa kafin rasuwarsa.

Na danna inda aka ce a gwada wata hanya, sai ya ce zai tura lamba zuwa layin da ya ƙare da 47. Na daɗe ina kallo kafin na gane. Layin Baba ne, Yaya. Shi na sa a imel ɗin tun ina makaranta, don a gidanmu shi kaɗai ne ba ya canza layi.

Na san kamfani ya daɗe da ba wani layin. Duk da haka jiya a wurin aiki, ina bayan kanta ina jera magunguna, na kira. Mace ce ta ɗauka. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ita ba ta karanta wa kowa lamba a waya, ta kashe. Ban ji haushi ba, ni ma abin da zan yi ke nan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da na ambaci sunan Baba ba ta ce "wa?" ba. Cewa ta yi, "Mai gyaran rediyo?"

Ina ta san shi? Yanzu har son sanin wannan ya fi damuna fiye da imel ɗin. Gobe zan sake kira.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan alheri gare ku duka. Na ga saƙonka cewa in yi hankali da mutanen waya. Kwantar da hankalinka, ita ta fi ni yin hankalin.

Da na sake kira ta ce idan da gaske nake, in zo ta ga idona. Ashe gidan burodi take da shi a bayan tashar mota. Na same ta da rana, garin fulawa har gwiwar hannu, wayar tana rataye a wuyanta cikin leda. Ta ba ni kujera kusa da tanderu, ta sa ni a gaba da tambayoyi kamar mai neman aure. Me abokan Baba ke kiransa? Wace rana ba ya buɗe shago? Me yake cewa idan aka kawo masa abin da ba zai gyaru ba?

Na amsa duka. Da na zo ta ƙarshe, na ce cewa yake yi, "Bar shi ya kwana a nan, mu ga halinsa," sai ta yi dariya har ta riƙe ƙugu.

Wai tun da ta sayi layin ake kiranta ana neman Baba. Da farko faɗa take yi. Daga baya ta lura idan ta ce ta ji ya rasu, mutane ba sa kashewa, sai su tsaya su ba ta labarinsa. A haka ta san shi, tana kwaɓa gari tana saurare. Ta san abin da ni ban sani ba. Ka san Baba yana waƙa idan yana aiki shi kaɗai?

Daga nan na sa aka tura lambar, da ta shigo sai matar ta miƙo min wayar ta ce in karanta da kaina. Imel ya buɗe, komai yana nan. Ba ta bar ni na tashi ba sai da na cire layinta na sa naka, don haka kada ka yar da shi.

Na nuna mata hoton Baba a bakin teburinsa. Ta goge hannu a zani kafin ta karɓa, ta daɗe tana kallo, ta ce ita duk ta ɗauka dogo ne.

Ga abin da ya sa na rubuto da gaggawa. Akwai wani dattijo da har yanzu yake kiranta lokaci-lokaci. Ta sha gaya masa Baba ya rasu, ya yi addu'a, bayan kwana biyu ya manta ya sake tambaya ko rediyonsa ta gyaru. Wai rediyon ja ce, an ɗaure hannunta da igiya.

Yaya, kai ka kwashe kayan shago. A wane kwali ka sa rediyoyin da ba a zo karɓa ba? Na shiga ɗakin ajiya na buɗe biyu, ban gan ta ba. Ka ba direba amsa, don na riga na karɓi lambar dattijon.

Ka shafa min kan yara.

Ƙanwarka,
Auta