Ankon Anti Marisela

Sentul, Kuala Lumpur
3 ga Maris

Yaya Bilqis,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Yaya Sharif da yara. Yaya ƙafar Umma? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da karatu.

Kin tambaya ko da gaske za mu tashi daga gida. Ban sani ba tukuna. Wasu masu gidaje a benenmu sun kawo ƙuduri cewa a daina ba 'yan Afirka haya, kuma za a kaɗa ƙuri'a a kansa ranar zaɓen kwamitin bene. Mu 'yan haya ba mu da ƙuri'a. Ga ni da cikin wata shida, ga digiri ban kammala ba, ina zan nufa?

Mace ɗaya ce ta tsaya mana, shugabar kwamitin, Anti Marisela. 'Yar ƙasar Peru ce, ta auri ɗan nan shekara ashirin da biyu da suka wuce. Da aikin tafinta ta fara, tana yi wa baƙi fassara a kotu. Shekararta tara a kujerar nan, kuma ta sake tsayawa takara. Ita ta yi ta sintiri a ofishin hukumar birni har aka gyara mana magudanar ruwa. Gajeriya ce, ga faɗa, jakarta kullum cike da takardu. Ma'aikatan hukumar ma in sun hango ta sai su gyara zama.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Hadiyya

19 ga Maris

Yaya Bilqis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kowa lafiya. Yaya, mun tafka wauta.

Walida, maƙwabciyata, ta ce tunda ba mu da ƙuri'a, mu nuna wa Anti gata irin na gida. Mu goma sha bakwai muka yi anko kore shar, muka manna hotonta a ƙirji, muka shiga zauren taron 'yan takara a jere. Walida har da guɗa. Ni ce ma na zaɓo yadin a unguwar Brickfields, ina ta jin daɗin kaina.

Anti ta dube mu, ta cire tabarau, ta mayar. Kafin magariba hotonmu ya zagaye wayoyin masu gidaje, an rubuta a ƙasa wai 'yar takarar Afirka. Wata tsohuwa da ta daɗe tana goyon bayanta ta tare ni a matakala, ta ce a nan ba a yin haka, kun ba su abin da suke nema.

Kunya nake ji, Yaya.

Taki,
Hadiyya

2 ga Afrilu

Yaya Bilqis,

Salama da fatan alheri. Ki gaya wa Umma ta kwantar da hankalinta, ba za mu tashi ba.

Anti ta ƙirga mutanenta, ta ga ƙudurin zai wuce. Sai ta samu ɗaya ɓangaren ta ce ta san ita ce ta tsone musu ido, ba mu kaɗai ba. In suka janye ƙudurin a rubuce, za ta janye takara. Ko gardama ba su yi ba.

Na je ba ta haƙuri. Na tarar tana zuba takardun shekara tara a kwali. Ta ce ita ma shekararta ta farko a ƙasar nan ta yi ta sumbatar mutane a kumatu, suna ja da baya, don haka in daina kuka, in riƙe mata bakin kwalin. Na riƙe.

Jiya mai gidanmu ya sabunta mana haya. Makullinmu yana jakata. Nata na ofis ta miƙa shi tun ranar Litinin.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Hadiyya